Amsar Tambaya: Yaushe Aka Fara Kare Lafiyar Masu Aikin Lantarki?

Takardar wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Katsina. Ya ce ɗansa na koyon gyaran wuta a birni, shi kuwa hankalinsa bai kwanta ba. Yana tambaya, wai tun yaushe aka fara kula da lafiyar masu wannan sana'a?

To malam, mun gode. Maganar ta girmi lantarkin kansa. A shekarar 1700 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'o'i. Ya lura cewa yawan tsayuwa da sunkuyo suna nakasa jiki, har ya shawarci likitoci su riƙa tambayar majiyyaci sana'arsa.

Amma lantarki ya zo da nasa haɗarin. A 1882 Thomas Edison ya buɗe tashar wuta a birnin Niyok na Amurka. A lokacin titunan birnin cike suke da wayoyi a sama, na tangaraho da na tarho da na wuta, duk a cakuɗe. A watan Oktoba na 1889 wani ma'aikacin tangaraho, John Feeks, ya hau falwaya ya taɓa wayar da ake zaton ba ta da haɗari. Ashe can nesa ta haɗu da wayar wuta mai ƙarfi. Nan take ya mutu, gawarsa na rataye cikin wayoyi, jama'a na kallo. Wannan ya ta da hankalin mutane, har hukuma ta matsa aka riƙa binne wayoyi a ƙasa.

A 1891 kuma wani mahayin falwaya, Henry Miller, ya jagoranci kafa ƙungiyar ma'aikatan lantarki ta Amurka, don neman albashi mai kyau da horo da kariya. Abin tausayi, a 1896 shi ma wuta ta fizge shi yana aiki a birnin Washinton, ya faɗo daga falwaya, ya mutu.

Irin wannan asarar ce ta haifar da kayan da kake gani yau: safar hannu ta roba, da ɗamarar da ke riƙe mutum a sama, da doguwar sandar taɓa waya daga nesa, da hular kwano. Daga baya aka gane akwai kuma ciwon da ke shiga sannu a hankali. Ɗaga hannu sama wuni guda yana cin kafaɗa, ɗaukar nauyi a sunkuye yana cin baya, murɗa waya da filaya yana cin wuyan hannu.

A nan gida, wuta ta fara zuwa Legas a 1896, aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972. Yau sunan ya wuce, amma haɗarin na nan.

Saboda haka malam, gaya wa yaronka: ya kashe wuta, ya gwada wayar da testa kafin ya taɓa. Kada ya hau tsanin ƙarfe kusa da waya, kada ya yi aiki da jiƙaƙƙen hannu. In zai ɗaga kaya ya durƙusa da gwiwa, ya kuma riƙa hutar da kafaɗa.

Ku kuma 'yan kasuwa masu janareto, ku tuna da Feeks. In ka haɗa injinka da wayar shago ba tare da makunnin da ke raba shi da babban layi ba, wutarka na iya komawa waje ta kashe wanda ke kan falwaya, alhali bai taɓa ganinka ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Allah ya tsare mana yaranmu. Sai mun ga takardunku.