Amsar Wasiƙunku: Karatun "Sss" Da "A, A, A" Wasa Ne Ko Ilmi?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma mai awon hatsi a kasuwar Dandume ta Jihar Katsina. Ya ce su a zamaninsu "e, bi, si, di" aka fara koya musu. To amma ga 'yarsa mai shekara 6, wata uku ke nan da sa ta makaranta, in ta dawo gida ba ta da aiki sai "sss" tana lanƙwasa hannu kamar maciji, ko "a, a, a" tana susar damtse wai tururuwa na hawanta. Da ya tambayi malamarsu sai ta ce masa sunan abin foniks. Shi ne yake son ya sani, wannan karatu ne ko wasa, kuma wa ya ƙago shi? Ya ce in wasa ne gara ya sani tun da wuri, domin masara ya sayar ya biya kuɗin makarantar.

To Malam, mun gode, Allah ya bar zumunci. Kada dai ka cire yarinyar nan tukuna, saurari bayani.

Kowane harafi yana da suna, yana kuma da sauti. Ka ɗauki misalin zakara: sunansa daban, caransa daban, kuma caran ne ke tashin mutane da asuba. Abin da aka koya muku, wato e, bi, si, sunayen haruffa ne da Turanci. Abin da ake koya wa 'yarka kuwa sautinsu ne. Gwada kalmar "baki". In yaro ya kira sunayen haruffanta zai ce bi, e, ke, ai. Ko kwana zai yi yana maimaitawa, "baki" ba za ta fito ba. Amma in ya san sautin b da na a, ya haɗa ya sami "ba", ya haɗa k da i ya sami "ki", shi ke nan ya karanta, ba tare da wani ya taɓa nuna masa kalmar ba. Wannan haɗa sauti da sauti shi ne foniks. Macijin nan da tururuwa dabara ce kawai ta sa yaro ya riƙe sautin.

Kuma abin ba sabo ba ne. Tun a 1570 wani Bature ɗan Ingila mai suna John Hart ya buga littafi yana kukan cewa sunayen haruffa su ke hana masu koyo gane karatu, a koyar da sauti. A Faransa ma, masanin lissafin nan Blaise Pascal ya fito da irin wannan dabara a 1655, ƙanwarsa Jacqueline ta nemi ta gwada ta a kan yaran da take koyarwa a Port-Royal.

To me ya hana kowa bi tun a lokacin? Laifin rubutun Turanci ne. Haruffansa 26 ne, amma sautukan da ke bakin Bature sun kai wajen 44. Harafin c a kalmar cat sautinsa k ne, a kalmar city kuma ya koma s. Harafin k da ke farkon knife ana rubuta shi, ba a faɗinsa. Ganin haka sai wasu masana suka ce, tun da haruffan ba su da alƙawari, a bar wahalar da yara, a riƙa nuna musu kalma sukutum su haddace kamanninta kamar yadda ake gane fuskar mutum. Horace Mann, babban jami'in ilmi a Jihar Massachusetts ta Amurka, ya goyi bayan wannan ra'ayi a shekarun 1840. Daga 1930 kuma littattafan Dick da Jane suka cika makarantun Amurka, ana maimaita 'yan kalmomi kaɗan shafi bayan shafi har yaro ya haddace. Ana kiran hanyar duba-ka-faɗa.

Ni na ga irin 'ya'yan da wannan hanya ke haifa. Kafin in shigo aikin rediyo na yi kwalejin horon malamai, aka tura ni gwajin koyarwa wata firamare a ƙauye. Akwai wani yaro ɗan aji uku da kowa ke yabo, in ya miƙe sai ya zubo shafi guda bai yi tuntuɓe ba. Ran nan na lura littafin a kife yake riƙe da shi, ƙasa a sama. Na rubuta masa "tulu" a allo, ya dube ni, na dube shi. Wallahi ranar ban ci abincin rana da daɗi ba.

Mu koma Amurka. A 1955 wani mutumin Ostiriya da ya koma can da zama, Rudolf Flesch, ya buga littafi mai suna Why Johnny Can't Read, wato me ya sa Johnny ya kasa karatu. Ya ce an mai da yara masu cinke, ba masu karatu ba. Littafin ya yi watanni cikin waɗanda aka fi saye, iyaye suka tayar da ƙura, malamai suka rabu gida biyu. A 1967 Farfesa Jeanne Chall ta Jami'ar Harvard ta tattara binciken da aka yi na shekaru masu yawa, ta ce yaran da aka fara wa da sauti sun fi. Duk da haka gardama ba ta mutu ba, sai da majalisar dokokin Amurka ta sa aka kafa kwamitin masana, wanda a 2000 ya ba da rahoton cewa koyar da sauti daki-daki, bisa tsari, ya fi amfani, musamman in an fara tun yaro na ƙarami.

Gwajin da ya fi jan hankali an yi shi ne a wata ƙaramar gunduma ta Sikotland mai suna Clackmannanshire. An bi yara kimanin 300 har shekara 7, aka fitar da sakamako a 2005. A wajen karanta kalmomi, sun wuce sa'o'insu da wajen shekara uku da rabi. Amma ka riƙe wannan, Malam: a wajen fahimtar abin da suka karanta, ratar 'yan watanni ce kawai. Bayan rahoton Jim Rose na 2006 Ingila ta ɗora makarantunta a kan wannan hanya, a 2012 kuma ta fara yi wa 'yan shekara 6 jarrabawar kalmomi 40. Rabin kalmomin na ƙarya ne, ba su da ma'ana, don a kama mai hadda. A shekarar farko kashi 58 cikin 100 suka ci, a 2019 kuwa kashi 82. Shi kuwa tsarin maciji da tururuwa, wata malamar firamare ce a garin Lowestoft na Ingila, Sue Lloyd, ta tsara shi, aka buga a 1992 da sunan Jolly Phonics. Sautuka 42 ne, ana farawa da s, a, t, i, p, n, domin da waɗannan shida kaɗai yaro zai iya haɗa kalmomin Turanci da dama. Daga can ya iso makarantunmu.

Yanzu bari mu dawo gida, don a nan ne nake ganin an fi yi mana rashin adalci in aka ce baƙon abu ne. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san babbaƙu da farfaru. A babbaƙu sunayen haruffa ake koya, kuma malamanmu na da sun yi musu sunaye na Hausa masu kama ido: ba guje, ha ƙarami, ha kuri, lam jaye, shin mai ruwa, ruwan nan kuwa ɗige-ɗigen da ke kansa ne. Amma ba wanda ya taɓa cewa mai babbaƙu ya iya karatu. Sai an shiga farfaru, an ɗora wasali: ba da wasali bisa ta ba da "ba", da wasali ƙasa "bi", da rufu'a "bu". To wannan in ba haɗa sauti ba ne, mene ne? Kalmomin "baƙi" da "wasali" ma da malaman boko ke amfani da su a aji, daga zauren allo aka aro su.

Da boko ya zo, Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, a 1912 kuma aka buga ƙa'idojinsa na rubutun Hausa. An daɗe ana fama da sautukan da Turanci ba shi da su, wasu na sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu na sa alama a gefe, sai a shekarun 1930 aka tsaya a kan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939. A shekarun 1950 aka shiga Yaƙi Da Jahilci, kuma tambayi duk dattijon da ya zauna ajin manya a lokacin, zai ce maka da gaɓa aka koya musu, ba, be, bi, bo, bu. Da haka manoma da 'yan kasuwa suka riƙa karanta jarida da wasiƙa ba su taɓa shiga aji ɗaya na elemantare ba.

Dalilin saurin nan shi ne Hausa ta yi sa'ar rubutu. Kusan kowane harafi sauti ɗaya gare shi, ba ya canja magana. Wani bincike da aka buga a 2003 a kan harsunan Turai 13 ya nuna cewa yaran da rubutun harshensu yake haka, kamar na Italiya da Finland, kafin ƙarshen shekarar farko suna karanta kusan duk kalmar da aka ba su, yayin da masu koyon Turanci ke buƙatar ninkin wannan lokaci ko fiye. Mu ma muna da 'yan ramukanmu, ba na musu. Ba ma rubuta tsawon wasali ko hawa da saukar murya, shi ya sa garin da ake zama da garin tuwo suke rubutu ɗaya, haka gadon kwana da gadon dukiya. Kuma wanda ya yar da ƙugiya ya mai da baƙi baki, ƙafa kafa. Amma waɗannan ba su kai ko kusa da rikicin Turanci ba.

Saboda haka ra'ayina, kuma nawa ne ni kaɗai, yaron da Hausa ce a bakinsa ya fi dacewa a fara haɗa masa sauti da Hausa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ma cewa ta yi a fara da harshen uwa ko na yankin. In 'yarka ta haɗa p, i, n ta ce pin, ta karanta kam, amma ba ta san me ta faɗa ba. In kuwa ta haɗa "gero" ta ji abin da ke cikin rumbunku, a nan take za ta gane cewa rubutu magana ce.

Ga yadda za ka auna ko masararka ta tafi a banza. Ba sai ka sayi kome ba. Da yamma ka share ƙasa, ka rubuta mata kalmomin da aka gina da haruffan nan shida, waɗanda ba su cikin littafinta: tasa, nisa, sati, tana. Kada ka faɗa mata, kada kuma ka yi mata tsawa. In ka ji tana jan sautin ɗaya bayan ɗaya har kalmar ta fito, ko da a hankali ne, to malamar na aikinta. Sannan ka juya, kai ka faɗi kalma ita ta rubuta, domin mai iya haɗawa ya kamata ya iya warwarewa. Daga nan ka tambaye ta me ake yi da tasa. In kuwa har ƙarshen shekara sai maciji da tururuwa, ba haɗawa, to waƙar kawai aka koya musu, sai ka je ka sami malamar cikin mutunci ka tambaye ta yaushe za a fara haɗa sauti. Ka rubuto mana abin da ka gani, za mu karanta wa sauran masu sauraro.