Bayan ambaliya a Yola da Jimeta: Daga ina kuɗin gyaran filayen wasa da wuraren shaƙatawa ke fitowa?

Idan ruwa ya janye bayan ambaliya a Yola da Jimeta, rayuka ake fara ƙidayawa, sannan gidaje da gonaki da gadoji. Filin ƙwallon unguwa da laka ta binne, ko lambun jama'a da katangarsa ta zube, ba kasafai suke shiga wannan lissafi ba. Abin da bai shiga lissafin asara ba kuwa, da wuya ya shiga lissafin kuɗin gyara.

Wahalar ta samo asali ne daga yadda aka rarraba iko. Alhakin kula da irin waɗannan wurare yana kan ƙaramar hukuma, ikon ƙasar da suke kanta yana hannun gwamna, mafi yawan kuɗin da ake kashewa bayan bala'i kuma daga Abuja yake zuwa.

Garuruwa biyu a bakin Binuwai

Modibbo Adama ne ya kafa Yola a 1841. Jimeta ta bunƙasa daga baya a matsayin tashar jiragen ruwa da cibiyar ciniki a bakin Kogin Binuwai. A yau tsohon garin Yola, inda fadar Lamiɗo take, yana cikin Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu, Jimeta kuma tana cikin Yola ta Arewa.

Garuruwan biyu suna maƙwabtaka da fadamu da tafkuna waɗanda ke shanye ruwan da kogi ya tumbatsa da shi. Akwai Tafkin Geriyo a gefen Jimeta, inda Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama ke da aikin noman rani, da Tafkin Njuwa a kusa da Yola, wanda ya yi suna da bikin kamun kifi. A cikin gari kuma akwai Dandalin Ribadu, inda ake manyan tarukan jiha da wasanni, ga kuma filayen makarantu da na unguwanni inda matasa ke taka leda da yamma.

Ta hanya biyu ruwa ke shigo wa mutane. Ta farko ita ce cikar kogi, wadda ke tsananta idan aka saki ruwa daga madatsar Lagdo da ke kusa da Garwa a Kamaru, wadda aka kammala a 1982. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Ƙaramar Hukumar Fufore domin tare wannan ruwa ta shafe shekaru a kan takarda. Ta biyu ita ce ruwan sama mai ƙarfi da ke rasa hanyar wucewa, kamar wanda ya sauka a ƙarshen watan Yulin 2025, ya mamaye unguwanni irin su Shagari da Sabon Pegi da Yolde Pate a Yola ta Kudu, ya kuma yi ajalin fiye da mutum 20.

Alhakin wane ne?

Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi. A cikinsu akwai ginawa da kula da tituna, fitilun kan titi, magudanan ruwa, wuraren shaƙatawa, lambuna da filayen jama'a. Wato sakin layi guda ne ya haɗa magudanar ruwa da filin wasa, ya ɗora su a kan hukuma ɗaya.

Sai dai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha. Shi ke ba da takardar mallaka, shi ke da ikon janye ta domin amfanin jama'a. Saboda haka ƙaramar hukuma ba za ta iya kare fili daga masu gini ba sai da goyon bayan jiha.

A ranar 11 ga Yulin 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu na asusun tarayya kai tsaye. Gwargwadon yadda aka aiwatar da hukuncin, gwargwadon yadda jama'a za su iya tambayar shugabannin Yola ta Arewa da Yola ta Kudu abin da suka yi da kuɗin.

Asusun Kula da Muhalli

Wannan shi ne babbar rijiyar da ake ɗiba. An kafa shi a 1981 domin magance zaizayar ƙasa, ambaliya, kwararowar hamada da gurɓatar muhalli. Ya fara da kashi 1 cikin 100 na asusun tarayya, aka ɗaga shi zuwa kashi 2 a 1992.

A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kashi 2.32 cikin 100 ake warewa: kashi 1 na gwamnatin tarayya, kashi 0.72 na jihohi, kashi 0.60 na ƙananan hukumomi. Jihar Adamawa da ƙananan hukumominta 21 suna da rabo a cikin wannan kuɗi a duk lokacin da aka zauna rabon wata-wata, ko an yi ambaliya ko ba a yi ba.

Daga kason tarayya, dokoki sun yanka wa wasu hukumomi rabonsu. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, tana da kashi 20 cikin 100. Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda Adamawa ke cikin jihohi 11 da take aiki a cikinsu, tana da kashi 15. Hukumar Raya Yankin Arewa maso Gabas, NEDC, wadda aka kafa da dokar 2017, an ware mata kashi 10. Manyan ayyukan magudanan ruwa da tare zaizaya kuma suna bi ta Ofishin Ayyukan Muhalli da ke ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, kuma sai shugaban ƙasa ya amince ake fitar da kuɗinsu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan kaso da aka keɓe wa wuraren shaƙatawa da sunansu. NEMA da takwararta ta jiha, ADSEMA, sun fi karkata ga ceto da abinci da tabarmi da kwanon rufi. Filin wasa yana iya cin moriyar asusun ne kawai idan an tsara gyaransa a matsayin aikin muhalli, misali dashen itatuwa, gina magudana ko tare bakin tafki.

Tallafin da ake bayarwa bayan bala'i

Ambaliyar 2012 ce ta kafa misalin da ake komawa gare shi. A faɗin ƙasa, NEMA ta ce mutum 363 suka rasu, sama da miliyan 2 suka rasa matsuguni. A watan Oktoba na shekarar, Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da tallafin naira biliyan 17.6, inda jihohi suka samu biliyan 13.3, hukumomin tarayya kuma biliyan 4.3.

An kasa jihohi gida huɗu bisa girman ɓarna. Adamawa ta faɗa rukunin farko tare da Kogi, Binuwai, Filato, Oyo, Delta, Bayelsa da Anambra, kowacce da naira miliyan 500. An kuma kafa kwamitin tara gudummawa a ƙarƙashin jagorancin Alhaji Aliko Ɗangote da lauya Olisa Agbakoba.

Bayan shekara 10, ambaliyar 2022 ta ci fiye da rayuka 600 a ƙasar. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta amince da bai wa kowace jiha naira biliyan 3 domin tunkarar ambaliya. Irin wannan tallafi a dunƙule yake zuwa, gwamnatin jiha ce ke tsara inda za a kashe shi. Idan mutum dubu suna kwana a ajin makaranta, ba mai ja da cewa su ne a gaba. Abin da ke faruwa shi ne, kafin a zo kan filayen jama'a kuɗin ya ƙare, damina ta sake zagayowa.

Akwai kuma shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da bashin dala miliyan 700 a 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Aikinsa farfaɗo da ƙasar da ta lalace da kula da mashigin ruwa, don haka ya fi dacewa da bakin tafkuna irin Geriyo da Njuwa.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

A Amurka, hukumar agaji ta tarayya, FEMA, tana da shirin tallafa wa jihohi da garuruwa su gyara kayan jama'a bayan shugaban ƙasa ya ayyana bala'i. An kasa ayyukan rukuni-rukuni, rukunin G kuma na wuraren shaƙatawa ne da filayen wasa. Gwamnatin tarayya tana biyan aƙalla kashi 75 cikin 100 na kuɗin gyara. Tun da wurin yana da gurbi a takardar neman tallafi, jami'in da ke ƙidayar asara ba zai tsallake shi ba.

A birnin Rotterdam na ƙasar Holan, an buɗe dandalin Benthemplein a 2013. An gina shi da zurfi: idan gari ya bushe matasa na wasan ƙwallo a ciki, idan aka yi ruwa mai yawa sai ya zama tafkin wucin gadi har magudanai su samu sarari. Yarjejeniyar Sendai ta 2015 kan rage haɗarin bala'o'i, wadda Najeriya ke cikin ƙasashen da suka amince da ita, ta buƙaci a sake gina abin da ya lalace ta yadda zai fi na da jure wa bala'i.

Abin da fili ke buƙata kafin ya samu kuɗi

Mataki na farko shi ne shiga rahoton asara. A makonnin farko bayan ambaliya ne jami'an ADSEMA da NEMA ke zagayawa, kuma a lokacin ne mai unguwa ko ƙungiyar matasa za su iya gabatar da sunan fili, girmansa, hotunansa da irin ɓarnar da aka yi masa.

Na biyu shi ne takarda. Filin da ba a auna shi aka sa shi a taswirar gari a matsayin na jama'a ba, yana cikin haɗari ko da ruwa bai taɓa shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: filin da ya yi damina biyu a yashe, bola ce ke fara cin gefensa, daga nan sai a wayi gari an zuba bulo.

Na uku shi ne kasafin kuɗi. Aikin da ba shi da layi a kasafin jiha ko na ƙaramar hukuma alkawari ne kawai. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa alƙaluman rabon asusun tarayya, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta bai wa hukuma kwana 7 ta amsa wa wanda ya nemi bayani a rubuce.

Kowace shekara, tun kafin ruwa ya kankama, Hukumar Kula da Yanayin Ruwa ta Ƙasa, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya, kuma Adamawa na yawan fitowa a jerin jihohin da ke cikin haɗari. Duk filin da aka bari a buɗe a ƙasan gari, ruwan da zai kwanta a cikinsa na kwana biyu ruwa ne da bai shiga ɗakin kowa ba. Wannan hujja ce za ta iya buɗe wa filayen Yola da Jimeta ƙofar Asusun Kula da Muhalli, kuma watannin rani ne lokacin gabatar da ita.