Al'adar Aiki da Tsaron Lafiyar Mazauna Gidan Kula da Tsofaffi: Nazarin Gidan Orchid View a Ingila

Tsakure

Maƙalar ta nazarci abin da ya faru a gidan kula da tsofaffi na Orchid View a Copthorne, cikin Sussex ta Yamma, daga 2009 zuwa 2011. An dogara da hukuncin binciken musabbabin mutuwa na 2013 da rahoton bitar lamarin na 2014. Hujjar maƙalar ita ce, shaidar inganci da hukuma ke bayarwa ba ta kare mazauna muddin ƙaramin ma'aikaci ba ya iya faɗin kuskure a saurare shi.

Gabatarwa

Al'adar aiki, a wannan nazari, na nufin abin da ma'aikata suka saba yi in babu idon baƙo, da abin da sabon shiga ke koya daga na gaba da shi: wane laifi ake rubutawa, wane ake binnewa. Kamfanin Southern Cross ne ya buɗe Orchid View a 2009. A 2010 hukumar CQC, mai sa ido kan gidajen kulawa a Ingila, ta ba shi shaidar “mai kyau”. A watan Oktoban 2011 aka rufe shi.

Abin da bincike ya bankaɗo

A Oktoban 2013, Penelope Schofield, jami'ar binciken musabbabin mutuwa ta yankin, ta kammala duba rasuwar mazauna 19, ta yanke cewa sakaci na da hannu a rasuwar biyar daga cikinsu. Ta ce cin zarafin ya zama ɗabi'ar gidan, daga sama har ƙasa. Shaidu sun ba da labarin tsofaffin da aka bari cikin ƙazantarsu, da ƙararrawar kira da ake dannawa ba mai amsawa, ko a ajiye ta inda hannu ba ya kaiwa.

Batun magani ne ya fi fito da al'adar fili. An ba wata dattijuwa wafarin, maganin hana daskarewar jini, fiye da kima. Irin wannan kuskure na iya aukuwa ko a asibiti mai tsari, kuma takardar rajistar magani ce ke gaya wa likita abin da ya shiga jikin majiyyaci, don ya san matakin ɗauka. A Orchid View, sai aka umarci wata ma'aikaciyar ofis ta yayyaga takardun. Wato an fifita rufa wa gida asiri a kan ran da aka ba shi amana, abin da ke da wuyar karantawa ba tare da ɓacin rai ba. Ma'aikaciyar nan ce daga bisani ta kira 'yan sanda. Abin lura shi ne, ƙofar da ta samu a buɗe tana wajen gidan ne.

Tattaunawa

Akwai mai cewa kuɗi ne tushen matsalar. Southern Cross ya sayar da gine-ginensa ya koma biyan haya a cikinsu, nauyin hayar kuma ya durƙusar da shi a 2011, yana riƙe da gidaje kusan 750 da mazauna kimanin 31,000. Matsin kuɗi na jawo ƙarancin ma'aikata, babu musu. Sai dai a ganina bai isa ya bayyana umarnin lalata takarda ba. Wannan shawara ce da shugabanci ya yanke, kuma an yanke ta ne bisa zaton cewa na ƙasa ba zai ɗaga murya ba.

Rahoton bita na 2014 ya kawo shawarwari 34, CQC kuma ta amsa cewa ta yi jinkirin ɗaukar mataki. Tsarin dubawar da ta koma amfani da shi bayan haka na tambayar ko gida na da tsaro, yana biyan buƙata, yana da tausayi, yana saurare, yana da shugabanci nagari. Duk da haka, a 2019 shirin Panorama na BBC ya fallasa cin zarafi a Whorlton Hall, cibiyar masu lalurar koyo wadda ita ma a lokacin take riƙe da shaidar “mai kyau”. Don haka maƙalar ke ba da shawarar mai duba gida ya riƙa zuwa da dare ba sanarwa, ya keɓe da masu wanka da ciyar da mazauna ba tare da manaja ba, ya tambaye su kuskuren ƙarshe da suka kai rahoto da abin da ya biyo baya.