Zaɓen Manhajar Datse Ƙololuwar Sauti a Ƙananan Sutudiyon Maisandari: Kalangu da Algaita a Matsayin Ma'auni

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ya kamata mai haɗa kiɗa a Maisandari, cikin birnin Maiduguri, ya zaɓi kilifa, wato manhajar da ke datse ƙololuwar sauti domin waƙa ta samu ƙarin ƙarfi. Matsayar maƙalar ita ce sunan kamfani da tsadar manhaja ba su ne ma'auni ba. Abin dubawa shi ne ko manhajar tana ninka samfur, wato yawan awon da ake yi wa sauti a kowace daƙiƙa, da kuma kayan kiɗan da za a ɗora ta a kansu.

Gabatarwa

Kowace waƙa a kwamfuta tana da rufin da ba ta wucewa. Bugun ganga yakan taɓa rufin nan cikin ƙiftawar ido, alhali sauran kiɗan yana can ƙasa. Hanya biyu ake bi a samu sarari. Limita tana sauke sautin duka na ɗan lokaci sannan ta sake shi, shi ya sa idan an matsa mata waƙa take kamar tana haki. Kilifa kuwa kan bugun kawai take yankewa, ba ta taɓa abin da ke gaba da baya. Yankan nan ba kyauta ba ne, yana haifar da sabbin sautuka, kuma inda suke faɗawa shi ne batun wannan bincike.

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Rubuce-rubucen Turai da Amurka sun fi karkata ga gasar ƙarar waƙa, wadda kundin Death Magnetic na ƙungiyar Metallica ya zama abin misalinta a 2008. Earl Vickers ya gabatar da takarda a kan gasar a 2010, inda ya nuna shakku kan cewa ƙara ce ke sayar da waƙa. A fannin awo, ƙa'idar BS.1770 ta fito a 2006, R128 ta Turai ta biyo baya a 2010 da ma'aunin -23 LUFS. Abdalla Uba Adamu ya yi bayanin yadda fiyanon Yamaha ya sauya kiɗan finafinan Hausa, sai dai aikinsa bai shafi matakin ƙarshe na gyaran sauti ba.

Wanda wannan maƙala ke jayayya da shi shi ne Bob Katz, marubucin littafin Mastering Audio, wanda ya bayyana a 2013 cewa an gama gasar, tunda manhajar Apple ta fara daidaita ƙarar waƙoƙi da kanta. Hujjarsa tana da ƙarfi a muhallinta. Spotify na daidaita waƙoƙi a kan -14 LUFS, don haka wanda ya matse waƙarsa ya yi asarar armashinta a banza, za a sauke ta daidai da ta kowa. Amma wannan hukunci ya rataya ne a kan zaton cewa mai sauraro ta wannan ƙofa yake shigowa. A Maisandari waƙa tana yawo ne ta katin memori, da Bluetooth, da Xender, da WhatsApp, da shagunan masu tura waƙa. Tun da aka hana acaɓa a Maiduguri a 2011, keke napep ya mamaye tituna, kuma sifikar da ke bayan kujerar fasinja ba ta daidaita komai. Haka na'urar mai sa kiɗa a gidan biki. Waƙar da ta fito a sanyaye bayan mai ƙara, hannu ne zai kai ya wuce ta. Gasar tana nan da ranta a wannan unguwa, kuma nasihar "kada a datse" ba ta amsa tambayar mai sutudiyo. Yadda zai datse ba tare da ɓarna ba yake nema.

Hanyar Bincike

An bi hanyar lissafi, sannan aka gwada da kunne. An naɗi kalangu da algaita da murya a kan samfur 44,100 a daƙiƙa, aka bi da su ta Fruity Soft Clipper na FL Studio, da GClip na kyauta, da KClip, da StandardCLIP. An daidaita ƙarar kowane gwaji kafin saurare, domin kunne yakan fifita abin da ya fi ƙara ko da ya fi muni.

Sakamako

Babban abin da binciken ya tabbatar shi ne komowar sauti. Naɗin da aka yi a kan 44,100 ba ya ɗaukar abin da ya haura 22,050 Hz. Datsa mai tsauri, idan sama da ƙasa daidai suke, yana haifar da 'ya'yan sauti a ninki 3, 5, 7 har gaba. A ɗauki sautin 7,000 Hz, irin wanda ke saman kukan algaita. Ninki 3 shi ne 21,000, ya tsira. Ninki 5 shi ne 35,000, ba shi da wurin zama, sai ya komo a kan 9,100 Hz. Ninki 7 shi ne 49,000, ya komo a kan 4,900 Hz, inda kunnen ɗan'adam yake da kaifi sosai. Babu ɗayansu da ke da dangantaka da asalin sautin. Abin da ya fi muni, idan mai busa ya hau, wanda ke 9,100 sauka yake yi. Wannan ne ƙaiƙayin da ake ji a saman waƙa a ɗora wa makirfo laifi.

Idan aka ninka samfur sau 4 ya zama 176,400, iyakar ta koma 88,200 Hz. Sai ninki na 23 ne zai fara komowa inda kunne ke ji, a kan 15,400 Hz, kuma kafin nan ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Manhaja mai tsada da aka kashe mata ninki tana yin ɓarnar da ta kyauta marar ninki ke yi. StandardCLIP na kaiwa ninki 256, amma tsohuwar kwamfuta ba za ta ɗauka ba yayin aiki, balle a garin da ya ɗanɗani duhu bayan an rusa turakun wutar layin Damaturu a 2021, inda awa guda ta janareta kuɗi ce. Ya wadatar a yi aiki da ƙaramin ninki, a ɗaga shi lokacin fitar da waƙa.

Na biyu ya shafi kalangu. Bugunsa kashi biyu ne: saukar makaɗi a kan fata, da kuma amon da ke hawa da sauka yayin da mai kiɗan ya matse tsirkiya a hammata. Amon nan shi ne maganar kalangu, wadda duk mai sauraron Mamman Shata ya sani. Datse kan bugun da kaɗan ba ya cutarwa, har ma 'ya'yan sautin da ya haifar suna taimaka wa sifikar waya, wadda ba ta iya fitar da amo mai kauri. Da zarar layin datsa ya sauka cikin amon, musamman in an haɗa shi da bes a layi ɗaya, sai su gurɓata juna, maganar ta dushe. Don haka a sa kilifa a layin ganguna shi kaɗai, mai lanƙwasa a hankali, a nisanta ta da murya da algaita.

Na uku gajere ne. Mayar da waƙa MP3 yana ɗaga ƙololuwa, saboda haka a bar aƙalla desibel 1 ƙasa da rufi.

Iyakokin Bincike

Ba a yi ƙididdigar ra'ayin masu sauraro ba, kuma manhajoji 4 kawai aka gwada. Wani zai ce a cikin hayaniyar keke babu mai jin wannan bambanci. Ko da haka ne, lissafin bai sauya ba, kuma waƙar da aka ji a keke ita ce za a sa a manyan sifikun biki.

Kammalawa

Mai sutudiyo a Maisandari ya nemi abu uku a kilifa: ninka samfur, da ikon sassauta lanƙwasa, da allon da ke nuna abin da aka yanke. Wadda ta cika su ta isa, ko da kyauta ce. Aikin da ya rage wa masu bincike shi ne auna ƙarar waƙoƙin Hausa da na Kanuri da ke kan katunan memori a kasuwannin Maiduguri, domin a samu ma'aunin da ya dace da hanyar da waƙa ke bi a nan.