Daga Asibitin Zana zuwa ƙofar aji

Ya kai mahaifi a Gaya ko Ajingi, idan shugaban makaranta ya nemi ganin katin rigakafin ɗanka, kada ka ɗauke shi neman fitina. Katin nan yana da tarihi.

A 1996 annobar sanƙarau ta afka wa Kano. A Asibitin Zana kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200, goma sha ɗaya suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, don haka da jita-jita ta bazu a 2003, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan inna. Kafin a dawo da shi a Yulin 2004, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a 2014 aka ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta shanye a jihar, a Sumaila, nan kusa da ku.

A 2023 mashaƙo ya maimaita darasin. Kano ce ta fi jigata, kuma yawancin yaran da suka kamu ba su kammala allurarsu ba.

Saboda haka ka duba katin yau. Mashaƙo ta numfashi yake yaɗuwa. Yaron da ya kwana da zazzaɓi, ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, asibiti za ka kai shi da sassafe, ba aji ba, domin 'ya'yan maƙwabtanka ne abokan zamansa a benci.