Daga Goro Zuwa Kwalbar Gwaji

Ranar wata Laraba da la'asar sakaliya Yayana ya shigo gida ko sallamar kirki bai yi ba, ya nemi gefen tabarmar Inna ya zauna, ya ciro wata takarda daga aljihu ya miƙo mini, don ni ce mai karatun boko a ɗakinmu. Takardar sallama ce daga kamfanin da yake ja wa tirela a Sharaɗa. Layi uku kacal. Wai an auna fitsarinsa an sami ƙwaya. Inna ta ce, "Ƙwaya kuma, Babangida? Kai da ko sigari ban taɓa ganinka da ita ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ba don maye nake sha ba, don kada barci ya kwashe ni a hanya ne."

Ina gaya maka mai karatu, na yi fushi da shi ƙwarai, har na kwana biyu ba na gaishe shi. Daga baya da zuciya ta huce sai na shiga tambayar kaina, wai yaushe aka fara sayen rashin barci da kuɗi a garin nan, kuma yaushe aka fara auna masu sayensa? Abin da na tsinta ke nan zan ɗan zayyana.

Tun kafin a san mota, fataken Kano da ke zuwa Gwanja suna da abin korar barcinsu, wato goron da suke ɗaukowa da kansa. Watanni ake yi a hanya da jakuna, amma ayari yana da zango, kuma madugu ba ya tsallake zango don jaki ba zai yarda ba. A 1911 layin dogo ya iso Kano, gyaɗa da fatu da ƙiraga suka koma bin jirgin ƙasa zuwa Ikko. Da aka yanka filin masana'antu na Bompai a shekarun 1950, ba nisa da layin dogo aka yi shi ba. Sharaɗa da Chalawa sun biyo baya a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo: masaƙu, majemu, kamfanonin roba, na alewa, na lemon kwalba, na man gyaɗa. To a daidai lokacin da kaya suka yi yawa ne jirgin ƙasa ya fara tsufa. Kayan da tarago ke ɗauka sai suka koma bayan gingimari, nauyin kuma ya koma kan idon mutum ɗaya da yaron motarsa.

Baba, Allah ya jiƙansa, yana cikin direbobin wancan zamani. Wata masaƙa ya yi wa tuƙi a Bompai, albashinsa na wata ne, ko ya yi sawu biyu ko ya yi huɗu. Yakan lissafa mana hanya kamar mai karanta haddar allo: Zariya, Kaduna, Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, gadar Jebba, Ilori, Badun, sannan Ikko, sama da kilomita dubu. Ya ce a Tegina ko Mokwa ake kwana, a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota, guzurinsa goro fari da shayi mai kauri. Amma fa kada a ce zamaninsu tsarkakakke ne. Shi da bakinsa ya ce tun suna samari akwai ƙwayar hana barci da direbobi da leburori da manoma ke haɗiya, kuma gwamnatin soja ta yi doka a kan irinta tun 1968, bayan dokar wiwi ta 1966. Bambancin kawai, mai albashin wata ba dole ne ya sha ba.

Sai 1986 ta zo da tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida, wanda ake kira SAP. Naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an gani, daga baya kuma atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Masana'antu suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu aka mai da su rumbunan ajiya. Da yawa cikin waɗanda suka rage sun sayar da motocinsu, suka koma ba 'yan kwangila jigila. Nan ne albashin wata ya ja baya, biyan sawu-sawu ya shigo. Ka kai kaya ka dawo, a ba ka naka. Ka kwana a hanya, kai ka sani. Duk wanda ya fahimci wannan canji, ya fahimci rabin labarin Yayana.

Ita kuwa hukuma, ta wata ƙofar ta ɓullo. A 1984 gwamnatin Buhari ta yi doka mai lamba 20 wadda ta yanke kisa ga masu fataucin hodar ibilis, har aka harbe mutum uku a Ikko cikin Afrilun 1985. A 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. A ƙarshen 1989 aka kafa NDLEA da doka mai lamba 48. Ɗaya tana farautar dillali, ɗaya tana tsaye a bakin titi. Abin da ke cikin jinin direba kafin ya fito daga get ɗin kamfani, wannan babu wanda aka ɗora wa.

A waɗannan shekarun ne Amurka ta sha nata ɗacin. Ranar 4 ga Janairun 1987 jiragen ƙasa biyu suka yi karo a wani gari mai suna Chase a jihar Maryland, mutum 16 suka rasu, aka gano direban ɗaya jirgin ya sha wiwi. A Agustan 1991 wani direban jirgin ƙarƙashin ƙasa a New York ya yi tatul da barasa ya kifar da jirgi, mutum 5 suka mutu. Kafin shekarar ta fita majalisarsu ta yi dokar da ta wajabta gwajin ƙwaya da barasa ga direbobin manyan motoci, da na jiragen ƙasa, da matuƙan jiragen sama. Abin lura a dokar tasu, a wuyan maigida aka rataya ta. Shi zai sa a auna mutum kafin ya ɗauke shi aiki, a auna ba zato ba tsammani ta hanyar ƙuri'a, a auna bayan haɗari, a auna in an ga alama. Fitsarin ma kashi biyu ake raba shi, in direba ya ce ƙarya aka yi masa a buɗe kwalba ta biyu. Akwai likitan da zai kira shi ya ji ko maganin asibiti yake sha. Wanda ya faɗi gwaji ba zai koma kan sitiyari ba sai ya bi ta hannun masu ba da magani da shawara, an sake auna shi. Daga 2020 kuma suka buɗe rajista guda ta ƙasa baki ɗaya, ta yadda wanda aka kama a wannan kamfani ba zai zagaya ya shiga wancan ba. Sannan ga wadda ta fi burge ni: direban kaya ba zai wuce awa 11 yana tuƙi ba, sai ya huta awa 10 a jere. Wato sun auna fitsarin bawa, sun kuma auna agogon ubangidansa.

Mu dawo gida. A Hausa kalma ɗaya muke da ita ga giyar mota da giyar kwalba, har direbobi na yin barkwanci da hakan, amma gaskiya ta kwalba ba ita ce babbar matsalar direban Kano ba. Tun zamanin Turawa an taƙaita sayar da barasa a Arewa, a 2000 aka ƙaddamar da Shari'a a jihar, a 2003 aka kafa hukumar Hisba, wadda a Nuwamban 2013 ta sa aka murƙushe kwalaben giya kusan 240,000 a bainar jama'a. Saboda haka na'urar nan da jami'an kiyaye haɗurra ke ba direba ya busa, barasa kaɗai take ji. Gadagin da 'yan acaɓa suka yi yayi kafin a hana su ɗaukar fasinja a 2013, ba ta jin sa. Ba ta jin sholisho, ba ta jin roci, ba ta jin maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a Mayun 2018, kwana ɗaya bayan BBC ta fitar da fim a kansa. Ba ta kuma jin tiramol. Wannan na ƙarshe shi ne abokin tafiyar masu aikin ƙarfi. Wanda aka amince a sayar a asibiti mai lamba 50 ne da 100, amma na bayan fage har 225 da 250 ake samu. Yana kashe ciwon baya da gajiya, mutum ya ji kamar zai iya kaiwa Jebba bai tsaya ba, in ya yi yawa kuma ya jefa shi cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. A tuna, a kan sitiyarin mota mai tan talatin. Wani abin mamaki, ko jerin ƙwayoyi biyar da dokar Amurka ke aunawa babu tiramol a ciki, sai an sayi abin gwajinsa daban. Wanda ya kwafo tsarinsu ido rufe, zai iya auna direbobinsa kaf ya ce duk lafiya lau.

Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, Kano kaɗai tana da sama da miliyan ɗaya. Bayan nan gwaji ya zama yayi. Gwamnatin Ganduje ta sa a auna masu neman muƙami, har 'yan takara 13 suka faɗi gab da zaɓen ƙananan hukumomi na Janairun 2021. A watan ne aka naɗa Buba Marwa shugaban NDLEA, ya yi ta kira a auna ma'aikata da ɗalibai da direbobi, har da masu shirin aure. Dama tun 2007 hukumar kiyaye haɗurra ta fito da tsarin da ya ce duk mai motocin haya biyar zuwa sama ya yi rajista, ya kuma ajiye jami'in kula da lafiyar tuƙi. Ta wannan ƙofa ce kwalbar gwaji ta shiga wasu manyan kamfanoni, har ta iso kan Yayana.

Ni dai ban ce kada a auna ba. Ina da 'ya'ya uku da ke tsallaka titin Sharaɗa kullum safe zuwa makaranta, in na ga tirela ta taho sai gabana ya faɗi. A auna, wallahi a auna. Amma abin da aka yi wa Yaya ba shi ne tsarin ba, rabinsa ne. Ba a raba fitsarin biyu ba, ba likitan da ya tambaye shi komai, ba wanda ya ce ga inda za ka je a raba ka da ita. Manajan da ya sa hannu a takardar, shi ne dai mai kiransa a waya tsakar dare yana cewa kwantena ta kwana a Apapa kuɗin ajiya na hawa, lallai ya iso kafin azahar. Littafin fita da shigar motoci na nan a get, kowa zai iya dubawa ya ga wanda ya je Ikko ya dawo cikin kwanakin da mai barci ba zai iya ba. Wannan littafin ba a kai shi ɗakin gwaji ba.

Kwana tara Yaya ya yi a gida. Biyun farko bai runtsa ba, jikinsa na ɓari, hanci na zuba, yana faɗa da kowa har da Inna. Matarsa ta zo wurina tana kuka, ta ce, "Anti, shinkafar da ta rage ba za ta kai Juma'a ba." Na ba ta abin da na samu daga cinikin littafina na ƙarshe, wanda bai taka kara ya karya ba. Na roƙe shi ya bari mu je asibitin Dawanau a duba shi, ya ce shi ba mahaukaci ba ne.

A rana ta goma wani ɗan kamasho ya haɗa shi da wani Alhaji mai motoci uku da ke ɗaukar fatu daga Chalawa. Motoci uku ba su kai biyar ba, babu rajista, babu jami'i, babu kwalba. Lasisi kawai aka duba. Da asuba ya zo yi wa Inna sallama, ta riƙe hannunsa ta ɗura masa goro huɗu a aljihu, ta ce, "Ga na Babanku nan, ka kwana a Mokwa." Ya ce to. Na raka shi har bakin zaure, na ga ɗaya aljihun ma a kumbure yake, na buɗe baki zan tambaya sai yaron motarsa ya danna hon daga bakin layi.