Yarjejeniyar dukiya tsakanin mata da miji bayan an ɗaura aure: mece ce, kuma yaushe take da amfani?

Masu saurarenmu na Tasawa da Mayahi, da ƴan uwa da ke cin rani a Najeriya, Libiya da Aljeriya, yau za mu yi bayani a kan wata takarda da mutane da dama ke jin nauyin maganarta. Ita ce yarjejeniyar da mata da miji ke rubutawa bayan aure ya riga ya ɗauru, don a san abin da yake na miji, da na mata, da wanda suka haɗa hannu suka samu. Mun san wani zai ce ai wannan fatan rabuwa ne. To, rigimar dukiya ta fi tashi ranar rabon gado, lokacin da wanda ya san gaskiyar magana ba ya nan balle a tambaye shi.

Abin da addini da doka suka ce

A fiƙihun Malikiyya da muke bi, aure ba ya haɗe dukiya. Abin da mace ta mallaka, sadaki ne, ko gado, ko ribar sana'a, nata ne, ciyarwa kuma tana kan miji. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, ba ta ware bashin mata da miji ba.

Ta fannin doka, Nijar ba ta da kundi guda na dokar iyali. Tun dokar tsarin shari'a ta 1962, da ta 2004 da ta biyo baya, kotuna na aiki da al'adar masu ƙara a kan aure, saki, gado, kyauta da wasiyya, zuzu na zama tare da masana al'ada. A gaban mai gari, ko sarki, ko kotun Tasawa da ta Mayahi, abin da za a fara nema shi ne hujja: wa ya gani, ina takarda?

Wasu ƙasashen Musulmi sun sa abin cikin doka. Dokar iyali ta Maroko ta 2004, a sashe na 49, ta ba ma'aurata damar rubuta takarda ta daban a kan dukiyar da za su samu cikin zaman aure. Aljeriya, bayan gyaran 2005, ta yarda a yi wannan ko da bayan ɗaurin aure. A Ingila ma, kotun ƙoli ta yanke a 2010 cewa a girmama irin wannan yarjejeniya in an yi ta ba tilas kuma babu zalunci. Ƴan uwa da ke ƙasashen waje, ku tambayi dokar inda kuke zaune, don kowace ƙasa da nata sharuɗɗa.

Lokutan da take da amfani

Na farko, gamana. Miji ya yankar wa matarsa fili cikin gona tana noma gujiya ko wake shekara da shekaru: aro ne ko kyauta? In ba a fayyace ba, ranar da ya rasu ko aka rabu, dangi za su ce aro ne, ita kuma ta ce kyauta ce.

Na biyu, bisashe. Mace ta sayi jar akuya da kuɗin asusu, ko da rabon ƙungiyar Mata Masu Dubara, suka hayayyafa a garke ɗaya da na miji. Lokacin yunwa aka sayar da uku aka sayi hatsi. Taimako ne ko rance?

Na uku, tafiya. Sau da yawa rago ko ƙwaryar uwargida ake sayarwa a yi kuɗin mota zuwa Agadas. Kuɗin da matafiyi ke aikowa kuma, nawa ne na ci, nawa ne na gini, kuma da sunan wa aka sayi filin?

Na huɗu, ƙarin aure. Kafin amarya ta shigo, yana da kyau a rubuta abin da uwargida ta sa cikin gida ko shago, kowa ya huta.

Ga misali da lissafi. A ce gida ya kai jika 1,200, uwargida ta sa jika 400 nata wajen gini. Miji ya rasu ya bar mata biyu da ƴaƴa. Rabon mata shi ne tumuni, wato ɗaya bisa takwas, su raba tsakaninsu. In babu hujja, duk gidan ya shiga gado: tumuni jika 150, kowace ta samu 75. In akwai takarda, a fara fitar mata da 400 ɗinta, saura 800, tumuni jika 100, kowace 50. Uwargida ta tashi da 450 maimakon 75, kuma ba ta ci haƙƙin kowa ba.

Abin da takarda ba za ta iya yi ba

Ba ta sauya rabon gado da Alƙur'ani ya ƙayyade. Mata da miji magadan juna ne, don haka wasiyya tsakaninsu ba ta zartuwa sai sauran magada sun yarda. Kyauta kuma ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai kyautar na da rai da lafiya. Wadda aka yi kan gadon ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Miji ba zai kyautar da gonar gandu da ba a raba tsakaninsa da ƴan uwansa ba. Ba a kuma sarayar da haƙƙin ciyar da yara, ko a danne na kishiya. Wadda aka tilasta wa sa hannu da barazanar saki tana iya kai ƙara a rushe takardar.

Yadda ake yin ta

Ku zauna lokacin da ake zaman lafiya, ba ranar faɗa ba. Kowa ya nemi shawarar malami ko wani babba na gefensa. A rubuta sunaye, da kwanan wata, da kowane abu filla-filla: gona da iyakokinta da maƙwabta, yawan bisashe, adadin kuɗi da lokacin biya. A karanta da ƙarfi da Hausa gaban shaidu adalai, aƙalla maza biyu, daga dangin miji da na mata, sannan a sa hannu ko a dangwala yatsa. Kowa ya riƙe kofi ɗaya.

In maganar ƙasa ce, kada a tsaya nan. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 da dokokin da suka biyo bayanta sun kafa kwamitocin kula da filaye: COFOB a ƙauye ƙarƙashin mai gari, COFOCOM a komin, COFODEP a gunduma. Suna ba da takardar shaidar kyauta, saye, aro ko jingina. Gida ko fili na cikin gari, ko dukiya mai yawa, gara a je wajen notar.

Mai tafiya ya gama takardarsa kafin ya hau mota. Wanda ke can kuma, saƙon murya na WhatsApp yana taimakawa, amma ya wakilta wani amintacce gaban shaidu, in ya dawo gida ya sa hannu da kansa.